Dare uku ina zargin Pervushin, ashe jadawalina ne ke cinye alƙaluma

Har yanzu in na tuna sai kunya ta kama ni. Na yi wa ɗaliban kulob ɗin lissafi alkawarin zan nuna musu a aikace cewa 2,305,843,009,213,693,951 lamba ce marar rabuwa, wato babu mai raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Biyu ne guda 61 aka ninka da juna aka ɗebe ɗaya. Irin waɗannan lambobi, na biyu da aka ninka da juna aka ɗebe ɗaya, ana ce musu lambobin Mersenne, da sunan wani masanin lissafi. Wannan ita ce ta tara a jerin marasa rabuwa a cikinsu, kuma wani limamin coci ɗan Rasha, Ivan Pervushin, ya tabbatar da ita a 1883 da alƙalami da takarda. Na ce abin da mutum ya yi da hannu ai ba zai gagari kwamfutata ba.

Gwajin Lucas da Lehmer na ɗauka. Ka fara da 4, ka ninka ta da kanta, ka ɗebe 2, ka raba da lambar da kake gwadawa, ka riƙe saura, ka maimaita. A kan 127 sauran yana fitowa 14, 67, 42, 111, sai 0. Wannan sifilin shi ne shaidar cewa lambar ba ta rabuwa. Na zuba shi a manhajar jadawalin lissafi, irin wadda nake haɗa makin jarrabawa da ita. 8,191 ta wuce, 524,287 ma ta wuce.

Da na zo kan babbar, zagaye 59 ake bukata. Na ja layi har ƙasa, babu sifili. Na sake, babu. Dare uku ina bin tsarin layi-layi, ga sauro, ga batir na ƙarewa. Har na koma kan 2,147,483,647 wadda babban masanin lissafi Euler ya tabbatar tun 1772, ita ma ta ƙi. Maimakon in tsargu, sai na fara raya wa kaina ko magabata ne suka yi kuskure. Ai Mersenne da kansa a jerinsa na 1644 ya tsallake lambar biyu guda 61, ya saka ta biyu guda 67 wadda daga baya aka ga tana rabuwa. Da wannan na riƙa lallashin kaina.

Ranar Alhamis na haska allon a gaban yara ina kame-kame. Wata yarinya 'yar aji biyar ta ɗaga hannu: "Malam, biyu duk yadda aka ninka ta cika ce, in an cire ɗaya ta zama mara. To ya aka yi taka ta ƙare da sifili huɗu?"

Na duba. 2,305,843,009,213,690,000. Alƙaluma 15 kawai manhajar ke riƙewa, sauran ta mayar da su sifili, ko gargaɗi babu. Lambata alƙaluma 19 ce, in ta ninku da kanta ta kai 37. Duk lissafin dare ukun nan a kan gutsure na yi shi, kuma abin yana gaban idona tun daren farko.

Da yamma na rubuta layi biyar a Python, harshen ba wa kwamfuta umarni, wanda ba ya yanke wa lamba wutsiya. Kafin in ɗage yatsa, 0 ta fito.

In za ka gwada, kafin komai ka ƙirga alƙaluman da injinka ya nuna maka, ka dubi na ƙarshe. Kuma in sakamakonka ya saɓa wa Euler, kada ka ɓata dare uku kamar ni. Yarinyar kuwa yanzu so take mu gwada lambar Mersenne marar rabuwa da aka gano a Oktoban 2024, mai alƙaluma 41,024,320. Na ce mata ta bari sai an gyara mana wutar makaranta.