Layin fifikon da Haskell bai zo da shi ba

Mu huɗu ne a kamfanin, har da ni. Sana'armu rubuta manhaja ga masu ƙananan harkoki, kuma galibi da Haskell muke aiki, harshen da in ka ajiye abu ba ka komawa ka goge shi. Kana son canji, sai ka fitar da sabo, tsohon yana nan yadda yake. Wannan halin ne ke sa ni barci da daddare, shi ne kuma ke sa sabon ma'aikaci tsaki a makonsa na farko.

Wani mai gyaran injina ya ba mu aikin manhajar da za ta riƙa nuna wa ma'aikatansa gyaran da ke gaba. Wanda wa'adinsa ya fi matsowa shi ake so ya fito, ko da jiya aka kawo shi. Wannan shi muke kira layin fifiko, kamar a ɗakin gaggawa na asibiti, inda mai zubar jini ke shiga gaban mai ciwon kai.

Na damƙa wa sabon yaronmu, wanda da Python ya taso. Bayan awa biyu ya leƙo. "Oga, ina nasu heapq ɗin? Na duba base, na duba containers, babu."

Gaskiyarsa. Python na da heapq, Java na da PriorityQueue, C++ ma na da nasa, duk layukan fifiko ne a shirye. Base da containers ƙunsoshin kayan aiki ne na Haskell. Containers ya zo da hanyoyin ajiye bayanai irin su Map da Set da Sequence, amma ba layin fifiko. Irin tsibin (heap, tsarin da ke ajiye abin da ya fi fifiko a sama) da waɗancan harsunan ke amfani da shi, wanda J. W. J. Williams ya fito da shi a 1964, yana zaune ne cikin jeri ɗaya ana musayar gurabe a wurin, wato dai abin da Haskell ba ya so.

Na ce masa, "Ɗauki Data.Map, ka sa wa'adi ya zama makulli. Shi a jere yake ajiye kaya, sai ka riƙa zaro mafi ƙanƙanta da minView." Dabara ce tsohuwa, kuma ba ta da nauyi: ko ayyuka miliyan ɗaya ne a ciki, taki wajen 20 ya kai ka ƙasan bishiyar, don Map a tsarin bishiya mai rassa yake ajiye kayansa.

A nan na yi ganganci, ni da bakina. Mako uku da miƙa aiki, mai gyaran ya kira ni ransa a ɓace. Injin wani abokin cinikinsa ya ɓace daga jerin, ba wanda ya taɓa shi. Muka kwana muna bincike. Ashe gyara biyu ne aka ba wa'adi ɗaya, rana ɗaya, minti ɗaya, shi kuma Map makulli ɗaya abu ɗaya yake riƙewa. Na biyun ya shigo ya danne na farkon shiru, ko tari bai yi ba. Maganin layi ɗaya ne: muka haɗa wa'adin da lambar aiki suka zama makulli tare. Haƙurin da na bayar ya fi gyaran tsawo.

Daga baya mai gyaran ya nemi a riƙa matso da wa'adin aikin da ya riga ya shiga layi. Nan Map ya fara gajiya, domin kafin ka cire aiki sai ka san tsohon wa'adinsa, wato sai ka buɗe littafi na biyu, kullum kana fargabar kada su saɓa. Sai muka shiga Hackage, rumbun ƙunsoshin Haskell a intanet. Akwai pqueue ga mai son layi zalla, akwai heaps, akwai kuma psqueues, wanda aka gina bisa tsarin da Ralf Hinze ya wallafa a 2001. Shi psqueues yana ba ka damar nemo aiki da lambarsa ka sauya masa matsayi. Shi muka ɗauka.

Ban cika son jingina da ƙunshin waje ba, don ranar da mai kula da shi ya gaji, kai za ka goya shi. Kafin in yarda sai da na duba yaushe aka sabunta shi, su wa ke dogaro da shi. Yaron kuwa na sa shi ya rubuta ƙaramin tsibi da hannunsa, mai karkata hagu, wanda kusan komai nasa haɗe bishiya biyu ne. Bai kai shafi ɗaya ba. Ba mu sa shi a aikin kowa ba, amma gwajin da ya fara rubuta masa shi ne na gyara biyu masu wa'adi ɗaya.