CM247LC ya sake tsagewa

Da safe raina fes. Samfuran ƙarfen Inconel 718 da muka gina da injin leza mai narka garin ƙarfe layi-layi sun fito lafiya lau, shi dai wannan ƙarfen ba ya wahalar da mutum.

Da rana na yanka na CM247LC, wani haɗin ƙarfen nikel na sassan injin jirgin sama, na goge, na sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ga tsaga nan siri-siri, tana bin iyakokin ƙwayoyin ƙarfen daga ƙasa zuwa sama. Farfesa ya leƙa, ya ce, "Kada ka damu, HIP zai rufe su." Na ce, "Ranka ya daɗe, na ciki kaɗai zai rufe." Ya ce mu gani tukuna, ya fita.

Maganar nan ta tsaya mini a rai har yanzu. HIP tanda ce mai zafin kusan digiri 1200, iskar argon tana matse ƙarfe ta kowane gefe har ramukan ciki su haɗe. Amma tsagar da ta buɗe baki a waje, iskar shiga take yi cikinta, matsi ya zama ɗaya ciki da waje, ba abin da zai rufe. Ga kuma haɗarin dumamawar kanta. Alminiyon ya haura kashi 5 cikin ɗari a CM247LC, don haka gamma prime, wato ƙananan ɓarɓashin da ke taurara ƙarfen, na fitowa da sauri, ƙarfen ya taurare tun bai saki ɗaurewar da saurin daskarewa ya bari a jikinsa ba, sai ya dare. Shi 718 sinadarin niyobiyom ne ke taurara shi, a hankali, shi ya sa yake da haƙuri.

Ni tun daga narkewa nake ganin matsalar. Leza ta narka garin ƙarfen, ya daskare nan take, amma hafniyom da boron da zirkoniyom suna taruwa a ɗan ruwan da ya rage tsakanin ƙwayoyi. Kewayensa na tsukewa, shi bai daskare ba, sai wurin ya yage. Abin da ke damuna, waɗannan sinadaran da gangan aka zuba su, su ne ke riƙe iyakokin ƙwayoyi a cikin zafin injin jirgin sama. In ka rage su tsaga ta ragu, to juriyar fa? Don a narka a zuba a mazubi aka ƙirƙiro ƙarfen nan, mu kuma mun dage sai ya bi leza.

Masu injin da ke narkarwa da ilektiron maimakon leza suna dumama garin zuwa kusan digiri 1000, tsaga ta yi musu sauƙi. Namu farantin da ake gina samfurin a kai ba ya kusantar wannan zafin.

Ban ci abincin rana ba. Ciwon kai tun la'asar.

Gobe zan sauya gudun leza da tazarar layukan da take bi, in kuma roƙi Farfesa mu duba samfurin tare kafin a kai shi HIP.