Laraba: Dogo ya makara, ni kuma barci ya ƙi zuwa

Ƙarfe ɗaya saura kwata na dare. Maman Ummi ta daɗe da kwanciya, ta bar min tuwo a kula, har yanzu ban buɗe ba. Wayar ce a hannuna tun da na shigo.

Safiya dai lafiya lau ta fara a bargar dawakin tsere da nake aiki nan Ontariyo, a Kanada. Huɗu da rabi na tashi. Mota ta ce sanyi ya kai 14 ƙasa da sifili, bokitan ruwan barga duk sun daskare, sai da na bi su da guduma ɗaya bayan ɗaya. Na kwashe kashi, na zuba ingirici. Akawal, dokin da zai yi mana tsere yau, ya lashe hatsinsa tas har yana ture min hula da hanci yana neman ƙari. Tsoho, mai horar da dawakinmu, ya shigo yana fito, abin da ba ya yi sai ya hango kuɗi. Lamba 3 ƙuri'a ta ba mu a layin tashi, a filin rabin mil kuwa wannan ba ƙaramin arziki ba ne, don zagaye biyu kawai ake yi, kwana huɗu, wanda ya tashi daga can waje ya gama wahala kafin ya samu gefen ciki. Ga shi kuma Dogo ne zai tuƙa, wato shi ne direban da zai zauna a ɗan keken da doki ke ja a tsere. Har na yi wa Ummi alkawarin takalmin ƙanƙarar da take ta min naci a kai.

Maƙeri ya zo goma, ya duba ƙusoshin takalman baya. Abincin rana, burodi da sauran miyar jiya. Yaya ya kira daga gida kan maganar rufin ɗakin Inna, na ce sai Juma'a.

Uku da rabi muka sa Akawal a tirela. Dusar ƙanƙara ta fara sauka tun muna hanya, ba mai yawa ba, irin mai laushin nan da iska ke sharewa a kan kwalta kamar gari. Mun isa da wuri. Tsoho mutum ne da zai gwammace ya yi zaman awa biyu a rumfar da dawaki ke jiran tsere yana shan kofi mara daɗi da a ce an kira sunan dokinsa ba ya nan. Na yi Magariba a bayan tirela kan buhun hatsi, da safar hannu a aljihu, yatsuna kamar ba nawa ba.

Tserenmu shi ne na biyu, bakwai da minti goma. Ƙa'idar nan Ontariyo a fili take, kowa ya san ta: direba ya kai kansa gaban alƙalin rumfa aƙalla awa ɗaya kafin tseren da aka rubuta sunansa a kai, sai fa in alƙalai sun ba shi uzuri. Ya zo, ya busa na'urar gwajin barasa, ya sa rigarsa mai launi, a san yana nan. Wato shida da minti goma ya kamata a ga Dogo.

Shida da goma ta yi, babu shi. Shida da ashirin, babu shi. Tsoho yana cikin fili a kan keken atisayen doki yana ɗumama Akawal, saboda haka ni alƙalin rumfa ya samu, da allonsa a hannu.

"Kun ji daga direbanku?"

Na ce a'a, ba mu ji ba.

"Bai kira kowa a cikinku ba?"

Na dafa ƙirjina, inda wayar take can ƙarƙashin riga uku da rigar aiki, na ce da ya kira da na ji. Haka na faɗa, da ƙarfin gwiwa, kamar mai rantsuwa a gaban alƙali. To ai a gaban alƙalin ne ma.

Ya ɗaga wayar bango ya kira alƙalan sama, wato masu hukunta tsere. Tsoho ya fito daga fili gemunsa duk ƙanƙara, aka ce masa ya ba da sunan wani. Duk manyan da ke wurin suna da doki a tseren, sai yaron nan mai jar riga da bai daɗe da samun cikakken lasisi ba. Tsoho ya dube shi, ya dubi agogo, ya ce to. Minti biyu sai ga lasifika tana sanar wa jama'a an canza direban lamba 3.

Wannan sanarwar ita ce asalin dokar, in ka bi ta a hankali. Mutanen da ke zuba kuɗi a kan doki, rabin abin da suke dubawa sunan direba ne. In an buga takarda da sunan Dogo, dole a ba su lokaci su san ba shi ba ne. Ni dai ba ruwana da tagar caca, ko kallonta ba na yi, albashina na wanke doki da kwashe kashi ne, amma na san Yaya zai karanta wannan ya sake ɗauko min wa'azin da ya saba. Na ji, Yaya. Mu bar shi sai Juma'a.

Bakwai saura ashirin Dogo ya faɗo rumfa da gudu, jakar hularsa a kafaɗa, wandonsa jiƙe har gwiwa. Ya yi tuƙin rana a wani fili, ya taso, wata babbar mota ta gitta a kan babbar hanya ta 401 aka tsaya cak. Duk wanda ya taɓa bin hanyar nan cikin hunturu ya san ba sai an rantse masa ba. Haka rayuwarsu take, su da ba su da barga tasu: tsere takwas da rana can, biyar da dare nan, sitiyari tsakani. Ba albashi. Kashi 5 cikin ɗari na abin da doki ya ciyo, shi ke nan.

Kai tsaye wurina ya zo. Ina tsugune ina ɗaure wa Akawal takalmin kariyar ƙafa.

"Abokina, na kira ka sau biyu. Me ya sa ba ka gaya musu ba?"

Na ce ba ka kira ni ba.

"Na kira ka."

Na ce wayata tana jikina tun rana, ko motsi ba ta yi ba. A gaban yaran barga huɗu na faɗa, da mai jar riga, da matar nan mai duba lambar dawaki. Ban ɗaga murya ba, amma na san yadda na faɗa. Da irin muryar da ake yi wa yaro ya ce akuya ce ta cinye kuɗin cefane. Hannuna biyu suna kan ƙafar doki, an kira mu mu fita nan da minti kaɗan, zuge rigar aiki da tono waya ya yi min nisa. Gaskiya kuma ban ga dalilin tonowa ba, tunda na riga na yanke hukunci a raina.

Ya tsaya ya dube ni. Bai ce komai ba. Wayar bango ta yi ƙara, aka ce alƙalan sama na nemansa.

Tarar dala 100 suka yi masa, suka bar shi ya tuƙa sauran dawakinsa na tsere na shida da na takwas. Tsoho ya ce ya taki sa'a, don sun san shi ba mai yawan yi ba ne. Wanda ya mayar da abin ɗabi'a, tarar hawa take yi, daga nan sai dakatarwa ta kwanaki, kuma komai ana rubutawa a buga, duk mai doki a lardin nan zai iya gani. Na yi lissafin a tsaye. Kuɗin tserenmu dala 7,000 ne. Na ɗaya ya ɗauki rabi, na biyu kashi 25, na uku 12, na huɗu 8, na biyar 5, daga nan sai a ce Allah ya ba da sa'a gaba. Da Dogo ya zo na ɗaya, dala 175 ce tasa. Da na biyu ya zo, 87 da rabi, ko kuɗin tarar ba ta kai ba. A kan wannan ya yi tuƙin awa biyu cikin ƙanƙara.

Tseren kuwa, kada ma in ja. Akawal yana da wani hali a bayan motar tashi, wato motar da dawaki ke jeruwa a bayanta kafin a fara tsere. Da ta buɗe fukafukanta ta fara ja, sai ya ɗau zafi, yana son ya dafa hancinsa a jikin ƙarfen. Dogo ya san a bar masa linzami sako-sako, a yi ta masa magana. Tsoho ya gaya wa yaron haka sau uku. Amma faɗa daban, hannu daban. Yaro ya ji doki na ja, ya riƙe. Kafin kwanar farko Akawal ya watsar da sassarfa ya ɓarke da sukuwa. A gida da sai a yi guɗa, a ce doki ya nuna jini. A nan laifi ne. Dole direba ya fitar da shi gefe, ya ja shi baya har ya koma takunsa, sauran kuwa ba jiranka za su yi ba. Na bakwai muka zo cikin takwas. Minti biyu da 'yan daƙiƙu, aikin mako guda ya tafi.

Ban ga laifin yaron ba. Ya sauko fuskarsa duk tsakuwar fili, yana ta ba Tsoho haƙuri, har tausayi ya ba ni.

Na wanke Akawal da ruwan ɗumi, tururi na tashi daga bayansa kamar tukunyar dambu, na lulluɓe shi da bargo biyu na yi ta zagayawa da shi. Raina a ɓace, kuma duk a kan Dogo na ɗora. Ina ta ce wa kaina dala 100 ma ta yi kaɗan. Shi an ci shi tara an wuce wurin, mu da muka tashi tun huɗu da rabi wa zai biya mu? Mai doki ya biya mai, ya biya maƙeri, ni ɗan abin da Tsoho ke sa min a aljihu in mun shigo cikin biyar ya bi ruwa, takalmin Ummi ya koma wani mako. Har na tuna yadda Dogo ke tsokanata in na zo barga bakwai da minti biyar, yana nuna agogo yana cewa lokacin Afirka. Na ji wani daɗi-daɗi mara kyau. Yau ga Bature ya makara, Bahaushe na riƙe da agogo.

A hanyar dawowa Tsoho ya yi shiru har muka wuce rabi. Can ya fara tarihin da ya saba in ransa ba daɗi, wai irin dawakin nan ma sunansu, Standardbred, daga ma'auni ya samo asali, a 1879 aka kafa ma'aunin shiga littafin irin, wato doki ya iya mil ɗaya cikin minti 2 da daƙiƙa 30. Sana'ar da aka gina a kan agogo, in ji shi, ba ta da wurin ajiye uzuri. Na ce ai Dogo cewa ya yi ya kira ni. Ya ce, "Yaro, ko ya kira ka, kai alƙali ne? Lambar ofishin alƙalai tana wayar kowane direba. Su zai kira." Sai kuma ya ƙara da cewa mako mai zuwa zai gwada wani, ya ga yadda hannunsa zai zauna da Akawal.

Wannan ce tarar gaske, kuma ba a rubuta ta a ko'ina.

Sha biyu saura muka sauke doki. Na iso gida, na tuɓe rigar aiki, na tuɓe ta biyu, na ciro wayar don in sa ƙararrawar asuba. Ɗan hoton jinjirin watan nan yana saman allo. Tun Magariba da na kashe mata murya don salla, ban mayar ba.

Kira biyu. 5:48 da 5:52. Ga saƙo a ƙasa, 5:53: an rufe hanya, ka gaya wa Tsoho da alƙalin rumfa ina zuwa, lambar ofis ba ta shiga.

Minti goma sha bakwai kafin lokacinsa ya cika.

Na zauna a bakin gado da safa ɗaya a ƙafa. Na karanta ya fi sau goma. Na gwada kare kaina da maganar Tsoho, cewa ba ni ne alƙali ba, kuma gaskiya ce. Mai yiwuwa ko na isar da saƙon sai sun canza direba, don bai iso ba sai saura rabin awa. Mai yiwuwa kuma da sun ji tun kafin shida sun ba shi uzuri, ai dokar da kanta ta bar wannan ƙofar a buɗe, da ya busa na'ura ya hau keke, da Akawal bai ga baƙon hannu ba. Duk wannan lissafi ne da ba zai ƙare ba. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne kallon nan da ya yi min, da yaran barga huɗu da suka ji na ce bai kira ba. Zuwa gobe da rana labarin ya zaga kowace barga: Dogo ya makara, ya kuma yi ƙarya a kai. Shekara uku mutumin nan yana kawo min kofi in ya ga ina rawar sanyi. Shi ya kai Maman Ummi asibiti ranar da motata ta ƙi tashi.

Yana da damar ɗaukaka ƙara, amma wa zai ɓata yini guda a kan dala 100? Ba zai yi ba, na san shi.

Na ɗauki hoton allon wayar. Na rubuta masa saƙo, na goge. Na sake rubutawa da Turancin da ya fi na farko tsawo, ya koma kamar takardar neman aiki, na goge. Ba a ba da irin wannan haƙurin a waya, kuma a gaban mutane na yi, a gaban mutane ya kamata in warware. Asabar zai zo filin. Alƙalin rumfa ma sai na nuna masa, ko da zai ce bakin alƙalami ya bushe. Tsoho ne ban san ta inda zan ɓullo masa ba, don da safe ba ya son magana kafin kofi na biyu, ga shi yau ya yi asara.

Maman Ummi ta juyo yanzu, ta ce Baban Ummi wai lafiya kake zaune cikin duhu, ko dokin ne ya ji ciwo. Na ce doki lafiyarsa ƙalau. Ta ce to ka ci tuwon nan kafin ya sandare.

Ƙafar Akawal ta hagu ta baya ta ɗan yi ɗumi da na shafa ɗazu, in tuna in duba da asuba. Na mayar wa wayar muryarta. Huɗu da rabi.