Wasiƙa daga Atlanta: CDC ba asibiti ba ce

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna lafiya, yara na gaishe ku.

Tun da aka ji ina zaune a Atlanta ta Amurka, kullum sai an sami mai cewa, "Ba nan CDC take ba? Don Allah a samo wa Baba layin ganin likita." Ga amsa guda ga kowa, sannan in taɓo batun sanyi da tsadar magani da wasu suka tambaya.

Hedikwatar CDC tana nan kan titin Clifton, daf da Jami'ar Emory, amma ba a duba marar lafiya a ciki. Hukumar tarayya ce ta bincike da sa ido kan cututtuka. An kafa ta a 1946, kuma zazzaɓin cizon sauro ne ya sa aka ajiye ta a nan, don a lokacin yana addabar jihohin kudancin ƙasar nan. Mutanen Zamfara ma sun san ta, jami'anta sun je lokacin gubar dalma a 2010. Nata shi ne tsara ƙa'ida da ba da kuɗi da allurai. Aikin yi wa jama'a rigakafi kuwa na ma'aikatar lafiya ta jihar Jojiya ne, jihar da Atlanta take ciki, da ofisoshin ƙananan hukumominta 159. Can ake bin layi.

To, a nan takarda ke cin ran mutum. Ba a ɗaukar yaro makaranta sai da fom mai lamba 3231, shaidar rigakafi, kuma sai likitan da ke jihar ko ofishin lafiya ya cike shi. Katin gida ba ya wucewa haka nan, sai an kwafe shi allura bayan allura, kowace da ranarta. Inda babu kwanan wata, a wurinsu ba a yi ba. Ka rantse, ka nuna tabon BCG a hannun yaro, ma'aikaciya za ta yi murmushi ta ce ina takarda. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ɗigon shan inna. A ƙa'idar CDC, wanda aka ɗiga wa yaro a baki daga Afrilun 2016 ba ya cikin lissafi, saboda a shekarar aka sauya samfurin maganin a duniya. Duk zagayen gida-gidan nan da ake shafa wa yaro tawada a ɗan yatsa, nan sai an sake da allura. Akwai kuma fom 3300 na gwajin ido da kunne da haƙori.

Gaskiya dai allurar ba ta gagari talaka ba. Akwai shirin tarayya tun 1994 da ke saya wa yaran da ba su da inshora rigakafi kyauta, sai ɗan kuɗin yi da wasu wurare ke karɓa. Kuma da zarar an shigar da yaro kwamfutar jiha, ko gari kuka sauya bayaninsa na nan.

Shi ya sa nake roƙon iyaye mata, katin rigakafin nan kada a bar shi ƙarƙashin katifa har damina ta cinye. A sa a leda, a ɗauki hotonsa a waya, kuma kada a bar asibiti sai ma'aikaci ya rubuta kwanan wata, ko da ba a da niyyar tafiya ko'ina.

Sanyin Atlanta da sauƙi, ba kamar na arewacin ƙasar ba. Tsadar magani kuwa sai wata wasiƙar.

A gaida mutan gida duka.
Naku, daga Atlanta.