Asabar a Agege: ƙidayar gungun taurari da igiyar rediyo

Yau bayan sallar la'asar ɗan ƙanena, wanda yake karatun kimiyya a jami'a, ya zo gida da kwamfutarsa ya ce, "Baffa, zo ka ga sama a rubuce." Abin da ya buɗe mini dogon jeri ne na lambobi, kowane layi yana nuna wuri guda a sararin samaniya da ƙarfin igiyar rediyon da ke fitowa daga can, kuma mafi yawan layukan nan gungun taurari ne masu nisan gaske, kowane gungu ɗauke da biliyoyin taurari.

Jerin ya fito ne daga binciken NVSS, wanda aka yi da manyan faranti 27 masu kama igiyar rediyo na na'urar VLA da ke jihar New Mexico a Amurka, aka fitar da shi a 1998 da wurare kusan miliyan 1.8. A 2020 kuma na'urar ASKAP ta Ostareliya, mai faranti 36, ta zana taswirar gungu kusan miliyan 3 cikin sa'o'i 300 kacal.

Na tambaye shi amfanin rediyo alhali akwai madubin hangen nesa. Ya ce ƙurar da ke tsakanin taurari tana tare haske kamar yadda hazon hunturu yake ɓoye jiragen ruwa a Apapa, amma igiyar rediyo ratsa ta take yi. Wasu gungun kuma suna da baƙin rami a tsakiyarsu, wato wurin da ko haske ba ya iya kuɓucewa daga ƙarfin jansa, wanda kewayensa yake feso abubuwa da matuƙar gudu, sai su yi ƙarfi a rediyo ko da ba a iya ganinsu sosai da haske. Abin da ya fi kama hankalina shi ne batun nisa, domin irin wannan jeri wuri da ƙarfi kawai yake bayarwa. Iskar haidirojin tana fitar da igiya mai tsawon santimita 21, kuma faɗaɗar sararin samaniya tana miƙe igiyar a kan hanya, saboda haka idan aka auna yadda ta ƙara tsawo, sai a ƙiyasta nisan gungun da ya aiko ta.

Irin wannan sauraro ba zai yiwu a Legas ba, inda wayoyi da turakun sadarwa da janareto suka cika iska da hayaniyar igiyoyin rediyo. Shi ya sa aka kafa na'urar MeerKAT mai faranti 64 a busasshiyar ƙasar Karoo ta Afirka ta Kudu, aka buɗe ta a 2018, har da dokar da ta taƙaita amfani da na'urorin sadarwa a yankin.

Da magariba ta gabato sai hira ta koma kan Ghana, wadda ta mayar da tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse na'urar bincike a 2017. Ta kuma shiga cikin ƙasashe takwas na Afirka da ke haɗin gwiwa da Afirka ta Kudu a babban aikin SKA na gina katafariyar na'urar sauraron sama da rediyo, Najeriya kuwa ba ta ciki, wannan kuma yana damuna ƙwarai, ganin muna da cibiyar binciken sararin samaniya a Nsukka da matasa masu hazaƙa. Duk da haka jerin NVSS kyauta yake a intanet, don haka na sa ya kwafa mini wani ɓangare, ranar Litinin ɗalibaina na ajin ƙarshe za su zana taswirarsa da hannunsu a takardar giraf.