Kafin Ka Yarda Da Makin Gwajin GRE Ɗinka

Wanda ya gama Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko ta Gusau yana neman gurbin digiri na biyu a Amurka, sau da yawa sai ya bi ta kan jarrabawar GRE. Ya yi gwajin share fage yau ya ga 298, bayan mako biyu ya ga 307, sai murna. Ya sake yi ya koma 301, sai gwiwa ta yi sanyi. Ɗan'uwa, wannan jimillar ita ce mafi ƙarancin amfani cikin duk abin da gwajin ya nuna maka.

Fara da raba ta gida biyu. Ɓangaren Turanci da na lissafi kowanne makinsa daga 130 zuwa 170 ne, insha'i kuma daga 0 zuwa 6. Mai 160 a lissafi da 145 a Turanci, da mai 145 a lissafi da 160 a Turanci, duk 305 suke da shi, amma sashen injiniya ba zai yi musu kallo ɗaya ba. Kuma 160 a Turanci ya fi 160 a lissafi ɗaga mutum sama da sauran masu rubutawa, domin masu cin maki mai yawa a lissafi sun fi yawa. Duba teburin da hukumar ETS, mai shirya jarrabawar, ke fitarwa na kashi nawa cikin ɗari na masu rubutawa ka wuce, ka haɗa da abin da sashen da kake nema ya rubuta a shafinsa.

Sai ka tambayi kanka wa ya shirya gwajin. ETS ce ke da jarrabawar, kuma gwajinta na POWERPREP shi ne ya fi kusa da abin da za ka tarar ranar. Akwai na kyauta, akwai na kuɗi. Gwaje-gwajen kamfanonin koyarwa suna da amfani wajen sabawa da zama da agogo, amma kowanne da tiyar awonsa, wata ta fi wata zurfi. Kada ka jera makin wani kamfani da na ETS ka ce ka ci gaba ko ka koma baya. Ka kuma tabbata gwajin na sabon tsari ne. Tun Satumba 2023 jarrabawar ta koma awa 1 da minti 58, da insha'i ɗaya na minti 30, babu hutu a tsakiya. Tsofaffin littattafan da ake ta turawa a WhatsApp na tsarin da ya kusa awa huɗu ne.

Yanayin da ka yi gwajin ma yana cikin makin. Idan wuta ta ɗauke ka dakata, ko ka tashi cin abinci, ko ka tsallake insha'i, ko ka yi amfani da kalkuletar waya maimakon ta kan allo, makin da ya fito ba na gaskiya ba ne. Cika batirin kwamfuta, tanadi data, zaɓi lokaci tsakanin salloli biyu, bayan Asuba ko da hantsi, ka yi shi a zama ɗaya. Gwajin da ka taɓa yi kuwa, maimaita shi na auna tunawa ne kawai.

Ga inda mutane da yawa ke ruɗewa. Kowane ɓangare, na Turanci da na lissafi, tambayoyi 27 ne a zango biyu, 12 sannan 15, kuma wahalar zango na biyu ta dogara ga yadda ka yi a na farko. Idan ka ji zango na biyu ya yi sauƙi ƙwarai har ka cinye kusan duka, amma makin ya fito ƙasa, matsalar tana cikin tambayoyi 12 na farko. Sun tura ka zango mai sauƙi, wanda ba ya kai mutum can sama. Wanda ya sha wuya a zango na biyu ya faɗi guda biyar, yana iya fin ka maki. Don haka ƙidaya "na ci 20 cikin 27" ba ta isa ba, sai ka san daga ina ashirin ɗin suka fito. Da yake tambayoyin ba su da yawa, biyu ko uku da ka yi canke suka faɗa daidai sun isa su motsa makin. Bambancin maki biyu tsakanin gwaji da gwaji ba labari ba ne.

Aikin gaske yana washegari. Ɗauki littafi ka bi duk tambayar da ka faɗi, da wadda ka ci bisa sa'a, ka rubuta dalili: ban san darasin ba, na sani amma na karanta ba daidai ba, ko lokaci ya ƙure. Maganinsu daban ne. Na farko karatu yake so. Na biyu ya fi yawa a tambayoyin kwatanta adadi biyu, inda mutum ke gwada 2 da 3 ya manta sifili, da lamba mai ragi, da ɓangare kamar rabi, ko ya amince da zane alhali ba lallai an zana shi bisa awo ba. A Turanci, tambayar da ake zaɓar kalmomi biyu cikin shida ba ta da rabin maki, haka wadda ake cike gurabe biyu ko uku. Na uku kuwa lissafin agogo ne: a zangon farko na lissafi, minti 21 ga tambaya 12 na nufin minti 1 da daƙiƙa 45 kowacce, a Turanci kuma minti ɗaya da rabi. Idan kurakuranka sun taru a ƙarshen zango, ka daɗe ne a kan wata tambaya a baya. Yi mata alama ka wuce, kuma kada ka bar ko ɗaya babu amsa, tunda ba a rage maki kan kuskure.

Insha'inka kuma ka ba malami mai tsauri ya duba, domin shi ne ɓangaren da masu shiri suka fi sakaci da shi.

Kuɗin rajista da dala ake lissafa shi, ga kuɗin mota da masauki idan za ka je cibiya a Abuja, don haka ban ga hikimar yin rajista saboda gwaji ɗaya ya yi kyau ba. Ajiye gwajin ETS biyu zuwa makonnin ƙarshe, ka raba su da kwana goma ko mako biyu, ka ɗauki mafi ƙanƙanta a matsayin makinka. Idan ya kai abin da sashen ke so, yi rajista. Ka bar tazara kafin ranar rufe karɓar takardu, domin sakamako na ɗaukar kwana 8 zuwa 10, kuma ba a sake zama sai bayan kwana 21.