Ɗan ƙyallen da muka ɗinka a gefen jaka

Ɗinkin jakunkuna ne sana'ata, ni da 'yan mata huɗu da ke taya ni a kan keke. A shekarun farko na zuba kuɗi a talla har na gaji: hotuna a Facebook, takardun rabawa, ragin farashi. Mutane su yaba, su wuce.

Abin da ya buɗe mana kasuwa ɗan ƙyalle ne da bai kai tsawon yatsa ba. Da can a cikin jaka muke ɗinka sunanmu da lambar waya, can ƙasa, sai mai ita ta zazzage kayanta kafin ta gani. Wata rana ɗaya daga cikin yaran ta ce, "Anti, me zai hana mu fito da shi waje, kusa da hannu?" Na ɗan yi jim, ina gudun kada ya ɓata kwalliyar, sannan na ce mu gwada. Ba a daɗe ba baƙin lambobi suka fara kirana, kuma kusan kowa da magana ɗaya: "Na gan ta a hannun wance."

Kalmar nan "wance" ta daɗe tana yi mini yawo a kai. Daga baya na ci karo da binciken da Bryce Ryan da Neal Gross suka wallafa a 1943 kan manoman jihar Iowa ta Amurka da ingantaccen irin masara. Kusan rabinsu a bakin dillalan iri suka fara jin labarinsa, amma abin da ya sa suka shuka shi ne ganinsa a gonar maƙwabci. Kuma ba su cika gona da shi lokaci guda ba, ɗan sashe suka fara gwadawa. Wannan ya shige ni ƙwarai, domin ni ce dillaliyar, kuma na yi shekaru ina zaton muryata kaɗai ta isa. Shi ya sa muka fara ɗinka ƙananan jakunkunan hannu, wadda ba ta san aikinmu ba ta gwada da ƙarama kafin ta nemi babba.

Hotmail ma, wani kamfanin imel, da layi ɗaya ya bazu. A 1996 suka fara maƙala gayyatar buɗe imel a wurinsu a ƙasan kowane saƙon imel, wanda ya aika wa abokinsa wasiƙa ya yi musu talla ba tare da ya ce uffan ba.

Sai dai ƙyallen nan ya ɗora mini nauyi. Jakar da zif ɗinta ya lalace ma tana yawo da sunana a waje, kowa na gani. Don haka babu wadda ke fita sai na ja hannunta da ƙarfi, na zuge zif ɗin sau da yawa da kaina. Duk sabuwar mai saye kuma ina tambayarta a ina ta gan ta, in rubuta amsar a littafin oda, gefen sunanta.